Astarakan: jahar Rasha mai raƙuma, gishiri da kankana, wadda tekunta ke ja da baya

A duk fadar da aka ɗora shayi a Yamai ko Maradi, in hira ta biyo ta kan Rasha, abu biyu ake fara ambata: sanyi da makamai. Tun da dangantaka ta ƙara ƙarfi tsakanin Nijar da Mosko bayan sauyin mulkin watan Yulin 2023, sunan ƙasar bai bar bakin matasa ba, musamman masu neman gurbin karatu a waje. Sai dai hoton da akasarinmu ke da shi guda ne, wato dusar ƙanƙara har gwiwa da mutane cikin manyan riguna.

Akwai wata jaha a kudancin ƙasar da ke rushe wannan hoto. Ɗan Tanut da zai sauka a can cikin watan Yuli zai tarar da zafin da ke taɓa digiri 40, da fili fetal mai gajeriyar ciyawa, da raƙuma na kiwo, da tulin kankana a bakin hanya, da kiran salla daga masallatan da suka haura shekara ɗari. Sunanta Astarakan. Abin da ya sa ta cancanci a tsaya a dube ta ya wuce wannan kamanni: busasshiyar ƙasa ce da ke rayuwa da ruwan da ba a samanta ya zuba ba, kuma ruwan nan yana raguwa.

Ina take, kuma yaya girmanta?

Jahar tana kimanin kilomita 1,400 kudu maso gabas da Mosko in a mota ne. Ƙasar Kazakistan ce maƙwabciyarta ta gabas, Jamhuriyar Kalmikiya ta cikin Tarayyar Rasha na yamma da ita, jahar Bolgogarad na arewa, sai tekun Kasfiya a kudu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 49,000, wato ta ɗan ɗara jahar Maradi. Amma ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta ba su cika miliyan ɗaya ba, alhali Maradi tun a ƙidayar 2012 ta haura miliyan uku. Kusan rabin jama'ar suna zaune ne a babban birnin, wanda shi ma sunansa Astarakan. An kafa jahar da tsarinta na yanzu a watan Disambar 1943.

In ka duba taswirarta daga tauraron ɗan Adam, za ka ga kamar an shimfiɗa koren rawani a kan tabarmar kaba. Koren zirin nan da ya ratsa ta daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas shi ne kogin Bolga (ba Bolga ta Gana da ƴan ci-rani suka sani ba) tare da fadamarsa. Hagu da dama kuwa ƙasa ce ja-ja, rabinta hamada. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai wuce milimita 200 da ƴan kai ba. Bai kai na Tawa ba, ya fi kusa da na Tanut.

Wani abin mamaki kuma, mafi yawan jahar tana ƙasa da matakin manyan tekunan duniya. Birnin kansa yana cikin kwari da ya yi ƙasa da mita 20 da wani abu. Dalili shi ne, a da can duk wannan fili ƙasan teku ne. Kasfiya ta sha cika ta malale shi, ta sha janyewa, kuma kowane zuwa sai ta bar gishiri da laka da yashi. Shi ya sa ruwan rijiya a wurare da dama ke da zartsi, shi ya sa kuma ƙauyuka suka jeru a bakin kogi kamar tsakiya a zare.

Kada mai karatu ya ce to ai babu sanyi ke nan. Akwai shi, kuma mai tsanani. A watan Janairu ma'auni na zama ƙasa da sifiri kusan kullum, wasu shekarun ya gangara har 30 ƙasa da sifiri, ga iska mai yanka fuska da babu dutse ko daji da zai tare ta. Wuri guda ne ke haɗa zafin Agadas da sanyin da bai taɓa zuwa mana ko a mafarki ba, tsakaninsu wata shida kacal.

Matafiyin da ya ga nan, ya ga can

Akwai mutum ɗaya da ya taka wannan ƙasa kuma ya taka tamu tun kusan shekara 700 da suka wuce, shi ne Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Tanja ta Maroko. A farkon shekarun 1330 ya isa garin, wanda a lokacin ake kira Haji Tarkan. Ya ba da labarin cewa sunan ya samo asali ne daga wani alhaji Baturke mai tsoron Allah da ya zauna a wurin, sarki ya yafe masa haraji, kalmar tarkan kuwa tana nufin wanda aka ɗauke wa haraji. Ya kuma bayyana yadda kogin ke daskarewa da hunturu, a baza ciyawa a kan ƙanƙarar, ayari ya bi ta kai kamar hanya. Shekara ashirin bayan haka, a 1353, shi dai wannan mutum ya sauka a Takadda, garin tagulla da masana da dama ke dangantawa da kufan Azelik a jahar Agadas, har ya ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai tagullar.

A zamaninsa yankin na hannun daular Mongol da ta musulunta, wadda babban birninta Sarai ke bakin wani reshe na kogin, a cikin jahar ta yau. Rasha ba ta karɓi wurin ba sai a 1556, lokacin da sarki Iban na Huɗu ya ci daular Astarakan, aka sake gina birnin a ɗaya gaɓar kogin, aka kewaye shi da farar ganuwar da har gobe ke tsaye. Yau Rashawa ne suka fi yawa kuma harshensu ne na kasuwa da makaranta da ofis, amma Kazak da Tatar da Nogai, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suna da kaso mai tsoka, ga kuma Kalmik mabiya addinin Buda. Jami'ar koyon aikin likita ta birnin, da aka kafa a 1918, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka.

Kogin aro

Bolga shi ne kogi mafi tsawo a nahiyar Turai, kilomita 3,530, ko da yake kogin Kwara namu ya fi shi da kusan kilomita 700. Yana tasowa daga tsaunukan Baldai, arewa maso yamma da Mosko, a ƙasar dazuzzuka da damshi. Fiye da rabin ruwansa daga narkewar dusar ƙanƙara yake fitowa. Ma'ana, abin da manomin Astarakan zai samu a watan Mayu ya dogara ne da yawan dusar da ta zuba cikin Janairu a wuraren da ke nesa da shi da fiye da kilomita dubu. Kamar dai yadda mai lambu a Tilaberi ke jiran ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini.

Dab da shigarsa jahar, kusa da birnin Bolgogarad, wani reshe mai suna Aktuba ke ɓallewa ya bi gefen babban kogin har tsawon fiye da kilomita 500. Tsakanin su biyun akwai fadama mai faɗin kilomita 20 zuwa 30 a wurare da yawa, cike da tafkuna da ƙoramu da kurmi. Nan ne zuciyar jahar. Kimanin kilomita 46 arewa da birnin Astarakan kuma sai kogin ya fara rarrabuwa gaba ɗaya, reshe ya haifi reshe, har su zama ɗaruruwa kafin su faɗa teku. Babu wani kogi a Turai da bakinsa ya kai wannan girma.

A da, kowace bazara ruwa kan cika ya malale fadamar nan na tsawon makonni. Kifi ya fito daga teku da kogi ya shiga cikin ciyawa mai ɗumi ya zuba ƙwai, ƴaƴan su girma, ruwa ya janye da su a hankali, ya bar sabuwar laka da ciyawar da dabbobi za su ci har hunturu. Duk arzikin yankin, na masunci da makiyayi da manomi, a kan wannan ambaliya ta shekara-shekara aka gina shi.

Tarayyar Sobiyet ce ta sauya lissafin. Daga shekarun 1930 zuwa 1980 ta gina manyan madatsun ruwa takwas a kan Bolga domin lantarki da sufurin jiragen ruwa, ban da uku a kan Kama, babban kogin da ke zuba a cikinsa. Na ƙarshe daga ƙasa shi ne barajin Bolgogarad, wanda ya datse kogin a 1958, aka kammala shi a 1961. Tun daga ranar ambaliyar Astarakan ta tashi daga hannun yanayi kaɗai ta koma jadawali. Wani kwamitin hukumomi ne ke zama a Mosko ya tsara yawan ruwan da za a saki da kwanakin da za a yi ana sakinsa. A teburin akwai masu lantarki da ke son a adana ruwa don hunturu, akwai masu jiragen dakon kaya da ke son zurfi, akwai manyan biranen sama da ke sha daga tafkunan madatsun. Astarakan ce ta ƙarshe a layi.

Mutumin Maradi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san yadda Gulbi yake kafin a gina madatsar Jibiya a Katsina a farkon shekarun 1990, ya kuma san yadda ya koma. Bambancin kawai, su a can babu iyakar ƙasa tsakanin mai riƙe da famfo da mai jiran ruwa, amma hakan bai hana su kuka duk shekarar da aka yi ƙarancin dusar ƙanƙara ba.

Kifin da ya yi suna, da kifin da ya ciyar da talaka

Sunan Astarakan ya zaga duniya ne saboda wani dangin kifi da ake kira esturgeon da Faransanci. Tsohuwar halitta ce mai dogon baki da ƙasusuwa jere a gadon baya. Ƙwansa, in aka sa masa gishiri, shi ne kabiyar, abincin attajiran da ake sayarwa da cokali. Mafi girma a dangin ana kiransa beluga. A 1827 an kama wata a bakin Bolga da nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi. Wannan kifi kan yi shekara 15 ko fiye kafin macen ta fara ƙwai, kuma sai ta bar teku ta haura kogi ɗaruruwan kilomitoci ta sami wuri mai tsakuwa.

Barajin Bolgogarad ya toshe mata hanya zuwa mafi yawan wuraren nan. Hukumomin Sobiyet sun yi ƙoƙarin cike giɓin da gidajen ƙyanƙyasa, suna sakin miliyoyin ƴaƴan kifi a kogi duk shekara. Sai rushewar Tarayyar a 1991 ta zo da rashin aiki da rashin doka, kamun sata ya zama sana'ar ƙauyuka sukutum. Abin da madatsa ta rage, koma ta kwashe. Rasha ta haramta kamun beluga don kasuwa a 2000, ta haɗa da sauran manyan dangin a 2005, daga baya ƙasashe biyar da ke kewaye da tekun suka amince da dakatar da kamun baki ɗaya. Kabiyar da ake sayarwa bisa doka a yau daga gonakin kiwon kifi take fitowa.

A ganina labarin da ya fi nuna halin da ake ciki shi ne na wani ƙaramin kifi mai suna bobla, wanda bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba. Ana jiƙa shi da gishiri a shanya a iska har ya bushe ƙamas, kamar yadda ake sayar da busasshen kifi a kasuwannin Difa. Shi ne ya riƙe mutanen yankin a shekarun yunwa da yaƙi, har suka yi masa mutum-mutumi a bakin kogi suna kiransa mai ciyarwa. A da, duk watan Afrilu, in ya fara haurowa daga teku, yara da tsofaffi kan cika gaɓar kogi da ƙugiya. Bobla ba ya buƙatar tafiya mai nisa, buƙatarsa kawai ruwa ya kwanta a fadama tsawon lokacin da ƴaƴansa za su yi ƙwari. In aka rufe madatsa da wuri, sai ruwa ya janye ya bar ƙwai da ƙananan kifaye a busasshiyar ciyawa, rana ta gasa su. An yi haka shekaru a jere. A 2025 hukumomi suka hana kamun bobla, har ga mai ƙugiya ɗaya a bakin gada. A garin da ake yi wa kifin biki duk shekara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Inda kogi ya gamu da teku

Can ƙasa, inda rassan kogin ke bajewa cikin kacala da ruwa marar zurfi, akwai gandun da aka keɓe tun watan Afrilun 1919, ana tsakiyar yaƙin basasa. Yana cikin na farko-farko da gwamnatin Sobiyet ta kafa. Abin da ya jawo hakan shi ne yadda mafarauta suka kusa ƙarar da farin zalɓe domin gashinsa da matan Turai ke ƙawata hula da shi, masu kwasar ƙwai kuma suna kai wa masana'antar sabulu. Yau an ƙirga tsuntsaye sama da iri 250 a wurin: kwasakwasa, zalɓe, agwagin ruwa, gaggafa mai farar wutsiya. Miliyoyi kan yada zango a nan a kan hanyarsu daga Sibiriya zuwa ƙasashe masu ɗumi, wasu har Afirka. Daga Yuli zuwa Satumba wani fure mai kama da bado, amma babba kuma ruwan hoda, kan rufe dubban kadada na ruwa, masu yawon buɗe ido su yi ta shiga da kwale-kwale.

A yammacin bakin kogin ƙasa na da wata irin ƙira ta daban: dogayen tuddai jere da juna, duk sun miƙe daga gabas zuwa yamma kamar kunyoyin gona, tsakaninsu tafkuna. Masanin kimiyya Karl Ber ne ya bayyana su a 1856, har yau da sunansa ake kiransu. A kansu ake gina ƙauyuka da maƙabartu don tsira daga ambaliya. Tafkunan da ke tsakaninsu kuwa sai ruwan kogi ya yi yawa suke cika. In bai kai gare su ba, sai su ƙafe su koma farin gishiri.

Tekun da ke tafiya

Kasfiya teku ce a suna, amma a zahiri tafki ce, mafi girma a duniya, faɗinta wajen murabba'in kilomita 370,000. Ba ta da mafita zuwa wata teku. Ruwa na shigarta ta koguna, Bolga kaɗai na kawo kusan kashi 80 cikin 100, kuma ba ya fita sai ta hanyar tururi. Saboda haka lissafinta mai sauƙi ne: in abin da rana ta sha ya fi abin da kogi ya kawo, sai ta ragu.

Ta saba hawa da sauka. Daga 1929 zuwa 1977 ta sauka da kusan mita uku, har Sobiyet ta fara tunanin karkato kogunan arewa zuwa kudu. Sai kuma ta juya ta hau da kusan mita biyu da rabi zuwa 1995, ta cinye gonaki da gidaje. Daga nan ta sake kama hanyar sauka, kuma a ƴan shekarun nan saukar ta yi sauri, har ta koma ƙasa da mita 29 a ƙarƙashin matakin manyan tekuna, inda ta tsaya a 1977, ta ma wuce. Wasu masana daga Jamus da Holan sun yi hasashe a 2020 cewa in ɗumamar yanayi ta ci gaba, tekun na iya sauka da mita 9 zuwa 18 kafin ƙarshen wannan ƙarni.

Domin a gane nauyin wannan adadi, sai a san cewa arewacin Kasfiya, ɓangaren da Astarakan ke kallo, zurfinsa a tsakaice bai wuce mita biyar zuwa shida ba. A irin wannan shimfiɗaɗɗen wuri, saukar mita ɗaya na nufin gaɓa ta matsa da kilomitoci. Dattawan Ngigmi da suka ga tafkin Cadi a bakin garinsu a shekarun 1960, suka kuma wayi gari sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga ruwa, sun san irin wannan tafiya ta ruwa.

Asarar ta riga ta fara bayyana. Akwai wata dabbar ruwa mai shayarwa da ba a samunta ko'ina sai a Kasfiya, mai ɗan kama da ayu a ƙira ko da yake ba danginsu ɗaya ba. A kan ƙanƙarar arewacin tekun take haihuwa cikin hunturu. Ruwan na janyewa, ƙanƙarar na raguwa, kuma tun 2008 aka sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ta fuskar kasuwanci kuma, jiragen da ke tashi daga tashoshin Astarakan da Olya zuwa Iran suna bi ne ta wata hanyar ruwa da aka haƙa mai tsawon kilomita 188. Tun da takunkuman ƙasashen Yamma suka sa Mosko ta mai da hankali kan hanyar kudu, wannan mashigi ya zama mai daraja ƙwarai, amma kullum cikin yashe shi ake, jirage kuma kan rage kaya don kada su dafe a laka. A maƙwabciya Kazakistan, birnin Aktau ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2023 saboda janyewar tekun.

Gishiri, dutse ɗaya, da raƙuma

In aka bar kogi aka nausa arewa maso gabas, kusa da iyakar Kazakistan, sai a iske tafkin Baskuncak. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 100, kuma kiransa tafki ma ƙarfin hali ne, domin akasarin shekara farin daɓe ne na gishiri. A lita ɗaya ta ruwansa akwai gishiri kusan giram 300. Daɓen na da ƙarfin da aka shimfiɗa layin dogo a kansa, jirgin ƙasa na shiga har tsakiya ya yi lodi, kuma a farkon shekarun 1960 an yi tseren gwada gudun motoci a kai. Fiye da tan miliyan ɗaya ake haƙa a shekara, kaso mai yawa na gishirin da Rasha ke ci. Maɓuɓɓugan da ke kewaye suna narko gishirin da ke jibge a ƙarƙashin ƙasa su zuba a tafkin, rana ta busar, abin da aka ɗiba ya dawo. Kafin zuwan injuna, da hannu ake fasa shi, mutane tsaye cikin ruwan da ke cin fata, raƙuma na jan amalanke. Wanda ya taɓa ganin masu aikin kantu a Bilma ko Fashi zai gane wahalar.

A gefen tafkin akwai dutsen Bogdo, wanda tsayinsa bai wuce mita 150 ba. A wani wuri da ba za a kula shi ba, amma a filin da babu ko tudu sai ka hango shi daga nesa, jajawur. Gishirin da ke ƙasa ne ke turo shi sama sannu a hankali, ya fito da duwatsun da suka haura shekara miliyan 200, masu ɗauke da ragowar halittun tsohuwar teku. Ƴan Kalmik na ɗaukarsa wuri mai tsarki. Tun 1997 aka mai da shi da kewayensa gandun da aka keɓe.

Raƙuman yankin masu tozo biyu ne da gashi buzu-buzu, an halicce su don sanyi da zafi duka. Suna da nasu tarihin. A yaƙin duniya na biyu, da dawaki da motoci suka yi ƙaranci, rundunar da aka haɗa a Astarakan ta ɗaura wa raƙuma manyan bindigogi. Biyu daga cikinsu, Mishka da Mashka, sun kai har Balin a 1945, kuma akwai mutum-mutuminsu a garin Aktubinsk. A filayen kudu maso yamma kuma ana kare saiga, wata irin barewa mai kumburarren hanci da ke tace ƙura, wadda farautar ƙahonta don magungunan gargajiya na Sin ta kusa shafe ta bayan 1991.

Ƙarƙashin wannan gishiri akwai wani arzikin. A 1976 aka gano babban filin iskar gas a Aksaraisk, arewa da birnin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar guba ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ake tacewa a fitar da farar wuta, har masana'antar ta zama ɗaya daga cikin manyan masu samar da ita a duniya. Tsakanin 1980 da 1984 Sobiyet ta tayar da bama-baman nukiliya 15 a ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki, don kawai ta fafe ramukan ajiya cikin gishirin. A arewacin jahar kuma akwai Kapustin Yar, filin gwajin rokoki da aka kafa a 1946. Mai niyyar zuwa karatu ya kamata ya san cewa waɗannan wurare biyu sun sa yaƙin Ukiren ya iso jahar: jirage marasa matuƙa sun kai hari masana'antar gas ɗin a farkon 2025.

Kankana a bakin hamada

Ga Barashe na Mosko, Astarakan na nufin kankana. Daga Agusta ake jibge ta a kasuwannin birane, kuma ko wadda aka noma a wata jaha sai mai talla ya laƙaba mata sunan don ta yi kuɗi. Garin Kamizyak har gidan tarihin kankana gare shi. Ban da ita akwai tumatir, albasa, tattasai, dankalin Turawa da ƴar shinkafa. Rana mai yawa da busasshiyar iska su ne sirrin zaƙin, kamar albasar Galmi. Amma ko kadada ɗaya ba ta yiwuwa da ruwan sama. Duk noman rani ne, famfo na jawo ruwa daga Bolga ko Aktuba, manoma da yawa sun koma ban-ruwa na ɗigo-ɗigo. Inda aka yi ganganci wajen ban-ruwa kuwa, gishirin tsohuwar teku kan taso ya kashe gonar.

Nesa da kogi matsalar ta kiwo ce. Tumaki sun yi wa filayen yawa, musamman ta ɓangaren Kalmikiya, inda noma da kiwon da suka wuce kima a zamanin Sobiyet suka tayar da yashin da ake kira hamadar farko da ɗan Adam ya haddasa a Turai. Tuddan yashi na matsowa kan makiyaya da hanyoyi, ana dasa ƙananan itatuwa masu jure fari don tsayar da su. A watan Mayun 2021 guguwar ƙura ta rufe birnin Astarakan, ta karya itatuwa ta katse lantarki. Hotunan da suka yaɗu a intanet a ranar, in ba a faɗa maka ba, sai ka rantse gabanin ruwan farko ne a Damagaram.

Da wannan ne kowane watan Afrilu idon jahar ke komawa kan adadi guda, wato yawan ruwan da za a saki daga barajin Bolgogarad. A shekara mai kyau akan kai wajen kubik mita 25,000 a kowace daƙiƙa na ƴan kwanaki, don ruwa ya hau fadama ya cika tafkuna, sannan a rage a riƙe shi makonni saboda kifi. Kafafen labaran yankin na buga adadin kullum kamar farashin kasuwa. Bayan ruwan ya fara janyewa a watan Yuni sai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo su taso gajimare guda, su hana kowa sakat na mako biyu ko uku, har mutane su riƙa yawo da raga a fuska. Mazauna wurin na tsine musu, amma masunta na ɗaukar yawansu alamar cewa ruwa ya kwanta a fadama yadda ya kamata a wannan shekara.